Fitilu Biyu Rawaya a Hanyar Jiratawa

Jaki ne ya kayar da ni, kuma har yau ban ga laifinsa ba. A kwance yake a kan kwalta, ya ba ni baya, launinsa launin hanyar, ruwa yana zuba a kanmu mu duka biyu. Da damina dabbobi suna son kwalta, domin ƙasa ta jiƙe ta yi caɓi, ita kuwa tana riƙe da ɗumin rana har bayan magariba. Fitilar da aka sayo motona da ita ba ta nuna mini shi ba sai da ya rage taku uku. Na kauce, taya ta zame, na tafi da gwiwar hannu a kan tsakuwa. Jakin ya tashi, ya dube ni, ya matsa gaba kaɗan, ya sake kwanciya.

A lokacin ina koya wa matan aure karatu a Jiratawa, kwana uku a mako. Gidanmu yana Sabon Gari, cikin Maraɗi, kuma da moto nake zuwa, ɗan ƙaramin babur irin wanda mata ke hawa. Da rani babu wahala, muna zama da hantsi, in dawo rana tsaka. Amma da ruwa ya sauka, mata suna gona da lambu har la'asar. Sai sun wanke ƙafa sun ɗora tukunya sannan su zo. Mu yi karatu har a kira magariba, in yi salla a can, in kamo hanya duhu yana shigowa. Babu wani lokaci ban da wannan. Na nema, babu.

Da littattafan soyayya nake koya musu, irin waɗanda nake saye a kasuwa tun ina budurwa, in ɓoye a ƙarƙashin katifa. Na gwada littafin koyon karatu na farko, suka yi ta hamma. Ranar da na buɗe musu labari na karanta shafi biyu, na tsaya daidai inda saurayi ya ɗaga labule, na ce sauran sai wadda ta iya haɗa baƙi, ranar aji ya zama aji. A daminar da nake ba da labari mun kai tsakiyar wani littafi, kuma wata dattijuwa mai sayar da zogale, wadda ta fi kowa shekaru, ta fara karanta layi guda da kanta ba tare da na riƙe mata yatsa ba. Idan na daina zuwa, babu wata malama. Wannan kowa ya sani.

Maigidana ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa, mutum ne marar yawan magana. A littattafan da na karanta, in mace ta dawo da jini a hannu, mijinta yakan rikice, idonsa ya kaɗa, ya rantse da abubuwa. Nawa ruwan ɗumi ya sa wa gishiri, ya wanke mini ciwon, ya tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ɗauki makullin moton daga kan tebur ya jefa a aljihu.

Ya ce, "Malama, an gama. Ki aika musu su nemi wata."

Na ce, "Wace? Ka san babu."

"To su yi haƙuri. Ni ma ba ni da wata in kika karya wuya."

Tun da muka yi aure bai taɓa faɗin abin da ya kusa da maganar littafi kamar wannan ba, kuma sai ya faɗe ta da makullina a aljihunsa. Zuciyata ta so ta narke. Ban bar ta ba.

Na ce, "Ba ni na kasa ba. Hitila ce ta kasa."

Ya ce, "Hitila ce ke da gwiwar hannu?"

Na kwana ina juyi. Da safe na buɗe kwallar da nake ajiye 'yan kunne, na ɗauko makulli na biyu, na ajiye masa kusa da kofin shayi.

Na ce, "Moto da makulli biyu ake sayar da shi. Ga shi, ban ɓoye maka ba, kuma ba zan hita da shi a ɓoye ba. Amma ka ba ni sati biyu in gyara haske. In na ce na shirya, ranar da hadari ya taso ka zo Jiratawa ka hau bayana. In ka ga wani abu a hanya kahin ni, har sai da ka yi mini magana, makulli biyun naka ne. In muka kai ƙohar gida ba ka gargaɗe ni ba, nawa ne."

Ya ajiye kofin. "Ni? A bayanki? Cikin garin Maraɗi?"

"Ai kai ka ce ban iya ba. Zo ka gani da idonka."

Ya yi dariya, irin dariyar wanda ya tabbata ba za a kai ga ranar ba. Ya turo mini makullin da yatsa ɗaya. "Sati biyu," in ji shi.

Ranar da hantsi na tafi layin masu sayar da kayan moto. Ban taɓa sanin fitilu suna da dangi haka ba. Akwai masu ƙyaftawa ja da shuɗi, akwai mai zobe kamar an yi mata kwalli, akwai doguwa kamar sandar rake, akwai ƙanana kamar maɓallin riga. Mai shagon, wani magidanci mai zaƙin baki, ya ji labarin jakina har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce maganina yana nan. Ya ja ƙofar shagon ya rufe, ya haɗa wata fara mai faɗin tafin hannu biyu da batir.

Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Shagon nan mai warin roba da baƙin mai ya koma fari fat, har zaren gizo-gizo na kusurwa ya yi ƙyalli kamar azurfa.

Ya ce, "Hajiya, wagga ita alhazai ke sa ma manyan motocinsu. In kin kunna ta a Maraɗi, zakarun Jiratawa cara za su yi."

'Yan kabu-kabu, masu haya da babur, da ke jiran gyara a waje suka leƙo, kowa yana sa baki. Su haka suke zaɓen fitila: wadda ta fi sa na gaba rufe ido ita ce ta fi. Wani ya ce a ɗaura ta can sama, bisa fitilar asali, don ta yi nisa. Aka ɗaura ta can sama. Ban yi tambaya ko ɗaya ba. Na riga na kamu.

Da almuru na zagaya unguwa da ita. Katangun maƙwabta suka yi fari, inuwar bishiyoyi ta miƙe tana gudu gabana. A littattafai kullum namiji ne ke zuwa da haske, mace tana leƙe ta taga tana jin bugun zuciyarta. Ranar nan ni ce mai hasken. Na dawo gida ina jin kamar an naɗa mini wani abu.

Kwana uku sararin sama yana tas, ina zuwa ina dawowa kamar sarauniya. A rana ta huɗu aka yi ruwa da la'asar, ya tsagaita, ya bar yayyafi. Na fito daga Jiratawa bayan salla, na kunna farar fitilata. Ban yi nisa ba shinge ya taso. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san garar nan mai fiffike da ke fitowa bayan ruwa, kuma ya san haske take bi. Ni da na tashi a birni na sani a baki kawai. Suka zo kamar an zazzage buhu. Suna bugun gilashin kaskena, wato hular kwano, suna shiga wuyan hijabi, suna shiga hannun riga. Ina cikin kakkaɓe su ruwan ya dawo da ƙarfi, sai na ga abin da mai shago bai nuna mini ba. Kowane ɗigo ya kama hasken ya mayar mini da shi cikin ido. Gabana ya zama farin labule mai motsi, kyakkyawa ƙwarai, kuma babu abin da nake gani a bayansa. Hanya ta ɓace. Na rage gudu har ƙafata tana taɓa ƙasa.

Wannan ne ya cece ni. Wani amalanken shanu yana tahowa, hasken ya daki shanun a ido, suka tsaya cak, sannan suka karkace suka gindaya amalanken a tsakiyar hanya. Ban gan su ba sai da na ji hucinsu.

Mai amalanken ya daka mini tsawa daga cikin duhu. "Kai! Kashe wagga wuta! Shanuna kake son makantawa ko ni?"

Na kashe. Na ce, "Baba, yi haƙuri."

"Au, mace ce ma! Ke ɗiyar nan, rana kika sato kika ɗaura ma moto? Wa ya ce miki hanya ta ubanki ce ke kaɗai?"

Ya sauko ya kama igiyar hancin shanun yana lallashinsu da sunayensu, yana yi mini faɗa a tsakani. Gaskiya gare shi. Na ƙarasa Maraɗi da tsohuwar fitilata mai hasken aci-balbal, ina tafiya kamar mai rakiyar amarya.

Maigida yana tsaye a zaure. Ya sa yatsa biyu ya cire fiffiken shinge daga girata, ya duba shi a haske.

Na ba shi labarin duka, har da mai amalanke. Ban rage komai ba.

Ya ce, "Saura kwana goma. Ko mu taƙaita?"

Na ce, "Na zaɓa ba daidai ba. Zan sake zaɓa."

Na shiga ɗaki na yi kuka kaɗan, ba a gabansa ba. Ba tsoro ne ya sa ni kuka ba. Haushi nake ji an yaudare ni da kyau, kuma ni na miƙa kaina.

Washegari na tafi Tsibiri. A can ƙanen kakana yake, tsohon direban babbar mota, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar kayan fatake zuwa arewa da kudu. Da ƙafa ta gaji ya dawo gida, yana zaune a zaure yana gyara wayoyin moto da tocila. Tun ina yarinya matarsa yake kirana, ni kuma ba na raga masa.

Da ya hango farar fitilar ya tafa hannu. "Lale da matata! Wane saurayi ya yi miki toshi da madubi?"

Na ce, "Tsoho, ka bar ni. Da kana sayo mini abin kirki da ban je wurin wasu ba."

Na zauna na faɗa masa komai, har sharaɗin da muka yi da maigida. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya daina, ya dube ni. Na zaci zai tambaye ni wace irin fitila nake so. Bai yi ba.

Ya ce, "Mi ke kan hanyar taki?"

"Kamar yaya?"

"Mi ke tahiya bisanta da marece? Lissafa mini."

Na lissafa: jakuna, shanun amalanke, awaki masu dawowa kiwo, raƙuma jefi-jefi, karnuka, zomo, kwaɗi in an yi ruwa, mata da itace a kai.

Ya ce, "Yauwa. Saniya da akuya in sun dube ki idonsu na ƙyalli, kin gan su. Jaki ba shi duban kowa, baya yake ba ki. Raƙumi kansa na can sama, ƙahahu kawai za ki gani, kamar itace huɗu sun tashi tahiya. Duk cikinsu wa ke zuwa daga nesa tsakiyar hanya da hitila a goshi?"

"Babu."

"Daga ina suke hitowa?"

"Daga gefe."

"To ke kuma kin sayi abin kallon nesa. Cikin ruwa, bisa moto, mi za ki yi da nesa? Abin da za shi kashe ki na nan kusa, cikin hatsi, a hannun dama."

Ya sa aka shigo da moton cikin zaure da rana tsaka, aka rataya buhuna a ƙofofi biyu har wurin ya yi duhu. Ya kira matarsa, ya ce ta kawo gwangwanin ban ruwan lambu, mai ramuka a baki. Ta zo tana mita.

Ta ce, "Kullum zaurena ne gulbi. Wanda duk ya sayi hitila sai na yi masa damina."

Ta hau benci gaban moton, ta riƙe gwangwanin sama. Ya ajiye turmi a can ƙarshen zauren, ya ce in hau moton in zauna yadda nake zama a hanya, in kunna fara. Na kunna, turmi ya fito sarai. Ya ce, "Zuba." Ta zuba. Nan take labulen jiya ya dawo, turmi ya ɓace.

Sai ya ce in kashe. Ya ciro wata tsohuwar fitila rawaya daga akwatinsa, ya haɗa ta da batir, ya durƙusa da ƙyar ya riƙe ta daidai gwiwata. "Zuba." Ta zuba. Ruwan yana nan yana sauka, ina ganinsa, amma bai taso mini ido ba. Hasken ya bi ƙasa ya wuce ta ƙarƙashinsa, ga turmi zaune da gindinsa.

Ya ce, "Hitila in tana kusa da idonki, ruwa maido miki da ita yake. Ki saukar da ita ƙasa. Rawaya kuma ba ta hasala ido, naki da na dabba, ƙwari ma ba su damu da ita kamar fara ba. Da sahe moton ya tashi da maɓalli?"

"A'a. Sai da na buga da ƙafa."

"Madubin saurayinki ne ke shanye batir. Ki koma ki sayo biyu ƙanana, rawaya, masu baza haske a faɗi, ba masu harbawa nesa ba."

Na dubi tsohuwar fitilar da ke hannunsa. Na ce, "Kaka, muni gare ta. Kamar idon mai shawara."

Ya ce, "Ni ma muni gare ni, ga shi kin biyo ni har Tsibiri."

Mai shagon Sabon Gari bai ji daɗin ganina ba. Daga can ƙasan kanta ya jawo su, kwalinsu duk ya lotse. Ya ce waɗannan na tsofaffi ne, babu mai tambayarsu. Wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Hajiya, daga rana kin koma kyandir?" Na ce masa, "In ka kai shekarun masu sa ta, ka zo mu yi magana." Suka yi ta dariya, ni kuma na sa kayana a jaka.

Na koma Tsibiri da su, Kaka ya yini yana aikin. Ya cire fara. Ya ɗaura rawaya biyun a ƙarfen da ke kare gwiwa, ɗaya hagu ɗaya dama. Ya ba su makunninsu daban kusa da babban yatsana, don in kashe su cikin gari. Ya sa musu ɗan fizibil, abin nan da ke tsinkewa da kansa in waya ta yi zafi, ya naɗe kowane haɗi da roba don ruwa. Da rana ta faɗi muka fito ƙofar gida. Ya auna taku ashirin da ƙafarsa, ya ajiye turmi, ya ce in zauna a kan moton domin nauyina yana canza inda haske ke faɗa. Ya yi ta murɗawa har hasken ya tsaya a ƙugun turmin, bai haura ba. Ya ce jaki a kwance bai wuce nan ba, idon mai tahowa kuma ya wuce nan. Ta daman ya karkatar da ita waje kaɗan, tana kallon bakin hanya.

Na ce, "Ta zama mai harara."

Ya ce, "Bar ta ta harara. Ita za ta cece ki. Kuma ki ji, hitila ba ta taka birki. In gudunki ya wuce inda haskenki ya tsaya, ko goma kika ɗaura banza ne."

Na gaya wa maigida na shirya, saura kwana biyar a wa'adi. Kwana uku babu ko girgije. A rana ta huɗu gabas ta haɗe tun azahar. Muna tsakiyar karatu sai ga shi a bayan ɗan kabu-kabu, da babbar rigarsa ta kasuwa da hula. Matan sun san komai, ni na faɗa musu. Suka yi ta gyaran murya.

Wata ta ce, "Sannu da zuwa, maigidan Malama. An zo ɗaukar darasi?"

Wata ta ce, "Ka riƙe da kyau dai, kada iska ta ɗauke mana kai."

Dattijuwa mai zogale ba ta yi masa ba'a ba. Ta ɗauki littafin, ta matso kusa da shi, ta sa yatsa a kan layi, ta karanta masa shi daga farko har aya, tana tsayawa tana numfashi. Da ta gama ta rufe littafin ta ce, "Ɗana, bara ko sunan jikana ban iya ganewa a katin asibiti." Maigida ya tashi ya tafi masallaci.

Muna tashi ruwa ya sauko. Ya hau bayana yana tattara riga, ya rasa inda zai sa hannu, daga baya ya kama ƙarfen baya. Na kunna fitilar asali, na kunna rawaya biyu. Hanya ta kwanta gabana ruwan zuma, tun daga bakin kwalta na hagu har cikin ciyawar dama. Ba ta da kyan fara. Amma ina ganin ramuka cike da ruwa, ina ganin kwaɗi suna tsalle, ina ganin inda kwalta ta gutsure. Na tsaya a gudun da haskena ya yarda da shi, ko da wasu motoci suka wuce mu suna watsa mana ruwa.

Awaki uku sun raɓe a bakin hanya, na gan su tun da wuri na ba su wuri. Wani amalanke yana gabanmu babu ko tocila, ƙafafunsa na ƙarfe suka fito cikin rawaya, na zagaye shi a hankali, shanun ko kai ba su ɗaga ba. Ina jin numfashin maigida a bayan wuyana. Sau biyu na ji ya ja iska kamar zai yi magana, sau biyun na riga shi.

Mun wuce rabin hanya, inda gonakin hatsi suka matso har bakin kwalta, fitilar dama mai harara ta nuna mini wani abu a tsakanin karan gero. Kara ba ya lanƙwasa gwiwa. Na taka birki a hankali har muka tsaya cik, ruwa yana dukanmu, hanya fayau babu kowa.

Ya ce, "Mi ya faru?"

Ƙafa ɗaya doguwa ta fito daga cikin hatsin ta taka kwalta, sannan ta biyu, sannan sauran. Raƙumi ne da kaya, mai jansa yana ta wancan gefen ya lulluɓe kai da buhu. Bayansa wani raƙumin. Suka ratsa ta gabanmu ba gaggawa, cikinsu yana wucewa sama da haskena, suka shige gonar hagu. Na ji hannun maigida ya bar ƙarfen baya ya dawo kafaɗata. A nan ya bar shi.

Na ce, "Tambaya ka yi, ba gargaɗi ba."

Ya ce, "Na sani. Mu tahi."

Da fitilun Maraɗi suka bayyana na kashe rawaya, kamar yadda aka koya mini. Ruwa ya koma yayyafi. Muna gab da shiga unguwa ya matsa mini kafaɗa.

"Malama, tsaya nan mu canza."

"Don mi?"

"Mutanen majalisa na rumfar mai shayi. Ruwa ya tsare su, duk suna nan."

"Na sani."

"Ai kin ci. Na ce kin ci. Sauka in ƙarasa da mu."

Na yi tunani, Allah ya sani na yi. Mijina ne, bai taɓa wulaƙanta ni ba, kuma taku kaɗan ya rage. Amma na san unguwarmu. In ya shiga da ni a bayansa, gobe labarin da za a ba da shi ne maigida ya je cikin ruwa ya ɗauko matarsa da ta kasa. Kafin sati wata gwaggo ta zo ta zauna a tabarma ta ce ai dama an faɗa, mu koma farko.

Na ce, "Ƙohar gida muka ce."

Sai na ji ya gyara zama, ya miƙe baya, ya daidaita hularsa da ta jiƙe.

Rumfar mai shayi cike take. Wani ya fara hango mu ya miƙe da kofi a hannu.

"Kai jama'a! Ku zo ku ga wanda ya samu kabu-kabu na gida!"

"A sauka lahiya, ranka shi daɗe! Ka biya ta dai, kada ka ce sai gobe!"

Maigida ya ɗaga musu hannu kamar wanda ke cikin babbar mota. Ya ce, "Ku da kuka iya, ga ku nan ruwa ya tsare ku." Na wuce ban juya ba, kunnena yana zafi cikin kaske, bakina ya ƙi rufuwa.

A ƙofar gida ya sauka, ya cire hula ya matse ta. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin da ya kwana goma sha uku a wurinsa, ya ajiye a kan sirdin moton. Na jira. A littafi nan ne wurin maganar da ake ja wa layi a ƙarƙashi. Ya sunkuya ya dubi fitilun, ya ƙwanƙwasa ta dama da farce.

Ya ce, "Wagga ta karkace. Ki koma ma tsohon nan shi daidaita ta."

Na ce, "Haka aka yi ta. Kada ka taɓa."

Ya ɗaga hannu biyu ya shige ciki yana kiran a ɗora masa ruwan zafi.

Mun gama littafin nan kafin a yanke gero. Dattijuwa mai zogale ce ta karanta shafin ƙarshe, ta ce saurayin bai cancanci yarinyar ba, aka yi ta gardama har aka kira salla. Farar fitilar kuwa na kai ta Jiratawa na ba matan. Duk maraicen da aka yi ruwa sukan haɗa ta da batir, su rataye ta bisa babbar roba mai ruwa, shinge ya yi ta faɗawa ciki, su soya da gishiri. Sun ce ba su taɓa samun fitila mai albarka irinta ba. Nakan ci nawa a tsaye, in sa kaske, in kunna rawaya biyu, ta daman tana hararar gero har gida.